Mai Riƙon Igiya Ba Ya Gaisuwa

Ran nan ina zaune a ƙofar gida na ji Nura, jikana na wajen Habibu, yana gaya wa abokansa wai haƙar rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai, duk wanda ya ci tuwo ya ƙoshi aka miƙa masa diga zai iya. Ƙanwarsa Hafsatu kuwa, amaryar tawa da ko ruwan zafi ba ta taɓa dafa mini ba, cewa ta yi abin da ya ɗaure mata kai shi ne a ce mutum ya samu aikin sojan ruwa, ga farin kaki ga hula, ya ajiye ya dawo Roni yana shiga rami kamar gafiya. Ban tanka muku ba a lokacin don bakina cike yake da goro. Yanzu na furzar, sai ku gyara zama.

A sana'ar nan abu ɗaya muke tsoro, mutum ya sauka da ƙafarsa a fito da shi a kwance. Taurin dutse da zafin rami da ciwon baya duk masu sauƙi ne. Wanda yake ƙasa ba shi da wata dabara ta kansa. Ransa, bayan ikon Allah, yana hannun mutumin da ya riƙe masa igiya a sama. Shi ya sa na kafa doka guda a aikina, kuma ban taɓa sassauta ta ba: mai riƙon igiya ba ya gaisuwa, ko wa ya zo. Dokar nan ta jawo mini zagi, ta raba ni da ayyuka, kuma ba don ita ba da ba a haifi ubanku ba, balle ku zo kuna yi mini tsiya.

A jirgin ruwa na samo ta. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na gama firamare a Kazaure, aka ce ana ɗaukar soja a Kano, na bi sa'o'ina muka tafi. Ni ban ma san akwai sojan ƙasa akwai na ruwa ba. Aka ce wa ya iya iyo, na tuna kududdufin bayan garinmu da muke faɗawa da damina, na ɗaga hannu. Ɗaga hannun nan shi ya sa ni a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Ranar da na fara ganin teku sai da na tambayi na kusa da ni ina ɗaya gaɓar take, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da na ɗanɗana kuwa haushi ne ya kama ni. Ruwa iya ganinka, amma ko akuya ba za ta sha ba, alhali a gida mutane na wahalar tulu guda.

Aikin da aka fara sa ni a jirgi shi ne igiya. Shugabanmu wani dattijo ne mutumin bakin teku, gajere kakkaura, muna ce masa Cif. Ba ya jin Hausa, ni kuma Turancina na firamare ne, saboda haka da hannu ya koya mini yawancin abin da na sani. Shi ya nuna mini yadda ake warware bakin igiya biyu a saƙa su cikin juna su zama ɗaya ba ƙulli, da yadda ake murɗa igiya a leƙa cikinta a gane ta ruɓe ko da bayanta na sheƙi. Shi ya koya mini ƙullin da ake ɗaura wa mutum a ƙirji, wanda ko bijimi ne ya ja ba ya zargewa ya shaƙe shi. Sai da na ɗaura shi ido rufe kafin ya yarda na iya.

A cikin jirgi akwai tankuna na ruwa da na mai, can ƙasa, ƙofarsu ba ta fi bakin randa ba. Lokaci-lokaci sai an shiga an kankare su. Iskar ciki takan lalace, ba wari ba hayaƙi, mutum yana cikin aiki sai ya ji wani barci mai daɗi ya kama shi, shi ke nan. Don haka kafin a shiga sai an zura wani dogon bututu na tamfol mai faɗin baki, a juya bakin ya fuskanci iska, ta bi ta ciki ta kore gurɓatacciyar. Wanda zai shiga a ɗaura masa igiya, wani ya zauna a bakin ƙofar ya riƙe, ba ya yin komai sai wannan. In na ciki ya girgiza igiya, ba tambaya, jawo shi ake yi.

Wata rana Cif ne a kan igiya, ni ina miƙa bokiti, sai ga kyaftin ɗin jirgi da baƙi manyan hafsoshi. Kowa ya ƙame yana sara masa. Cif ko ɗaga kai bai yi ba. Yana tsugune, igiya tsakanin yatsunsa, idonsa a ramin. Na ce a raina yau tsohon nan a gadurum zai kwana. Kyaftin ya zo daidai kansa, ya duba, ya kewaye shi a hankali yadda ake kewaye mai salla, ya wuce. Da aka fito da na ciki na tambayi Cif da guntun Turancina. Ya kama hannuna ya ɗora a kan igiyar, ya ce, "Shi kyaftin, duk jirgin nan masu sara masa ne. Na cikin ramin nan kai kaɗai gare shi."

Yaƙin basasa a jirgi ya same ni. Ba na son maganarsa, kuma ba shi kuka tambaya ba. Bayan an gama aka ba ni hutu na zo gida da akwatin ƙarfe da rediyo, ina taƙama. Na tarar an rufe rijiyar unguwarmu da ƙaya. Ashe da rani ruwanta ya ja, aka sa wani maƙwabcinmu Mati ya shiga yasa, ya yi shiru. Ƙaninsa Iro ya bi shi ya ga ko lafiya, shi ma ya yi shiru. Da ƙugiya aka fito da su. Tare muka yi kiwon awaki da Iro. Mutane suka ce rijiyar ta samu masu ita, ba mai sake kusantarta, mata suka koma ɗebo ruwa a wani ƙauye, har mahaifiyata da tsufanta. Na ɗaura aci-balbal a igiya na zura. Kafin ta kai ƙasa ta mutu. Na sake kunnawa na zura, ta sake mutuwa a daidai wurin. Nan take na gane abin da na baro a tankin jirgi ne ya riga ni zuwa gida.

Na je kasuwar Kazaure na sayi buhunan fulawa da aka juye, na kai wa wani tela na ce ya ɗinka mini su bututu guda, dogo, mai baki irin na kakaki. Ya dube ni ya ce, "Soja, wandon wane ƙato ne wannan, kuma ƙafa ɗaya?" Sunan da ya bi abin ke nan har yau, wandon rijiya. Muka kafa bakinsa a kan sanduna yana kallon iska, muka zura jelar ciki. Bayan ya jima yana aiki na sake zura fitila, ta kai har ƙasa tana ci. Na ɗaura ƙullin Cif a ƙirji, na ba kawuna igiya, na sauka na yashe ta. Da yamma mahaifiyata ta ɗebi ruwa a ƙofar gidanta. Ban taɓa jin daɗin wani aiki a jirgi kamar yadda na ji na wannan ba, kuma tun ranar na san zamana a Ikko ya ƙare. Na koma na cika wa'adina, aka ce in sabunta, na ce a'a.

Abokaina suka ce na haukace. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, duk wanda ya san jirgi rububinsa ake yi a tashar ruwa. Ni kuwa na tattara na dawo, na je na durƙusa gaban Malam Ɗanbaba, tsohon mahaƙin rijiyar da duk ƙasar Roni da Gwiwa aka sani, na ce ya ɗauke ni. Na san iska, na san igiya, amma ban san ƙasa ba. Ya kalli takalmina mai sheƙi ya ce, "To Soja, cire wannan, ga kwando can." Da gemuna, da lambar yaƙi a akwati, na shekara ina kwasar ƙasar da wasu suka haƙo kafin ya bar ni in taɓa diga.

Kai Nura da ka ce rami ne kawai, a ina za ka fara? Malam Ɗanbaba yakan yi yawo a fili da sassafe yana duban inda itatuwa suka yi kore da rani, inda gara ta yi gini, inda ciyawa ta ƙi bushewa da wuri. In an fara haƙa yakan ɗebi ƙasar kowace gaba ya murza, ya shinshina, wani lokaci ya ɗora a harshe. Digar rijiya ƙotarta gajera ce, don ba wurin ɗaga hannu, a tsugune ake sara ana juyawa. Bango kuma dole ya sauka a miƙe. Dutse ake ɗaura wa zare a saki daga sama, in ka kauce da faɗin yatsa a nan, can ƙasa ka kauce da kamu guda, guga ya riƙa dukan bango har ya rusa shi. Ƙasa ma kowace da halinta. Ta wajen Babura yashi ce, tana ba ka hanya da daɗi, ka yi murna, sannan ta rufto maka a ka in ba ka bi ta da zoben siminti ba. Ta Roni da Gwiwa kuwa marmara ce da dutse. In dagi ya gaza sai a tara itace a kan dutsen a cinna wuta, ya yi ja, a kwara masa ruwa ya tsage. Wutar nan kuma tana cinye iskar ramin, ta bar irin wadda ta kashe su Iro.

Masu rijiya kuma sai haƙuri. Akwai wani mai cinikin hatsi a Babura da ya nuna mini wuri dab da masai ya ce nan yake so, don kada iyalinsa su yi nisa. Na ce, "Alhaji, abin da aka zuba can shi za a sha nan." Ya ce ai gidansa ne. Na naɗe igiyata na tafi. Sai da ya aiko har Roni aka dawo da ni, muka haƙa inda na ce. Akwai masu leƙe, a zo a tsaya a baki ana "sannu da aiki," ƙafa na turo maka tsakuwa a ka. Amma akwai matan da kan aiko da fura mai sanyi har bakin rami ba wanda ya roƙe su, waɗannan har gobe ina sa musu albarka.

Wani aiki a wani ƙauyen Gwiwa shi ya ƙare sana'ar Malam Ɗanbaba. Yana ƙasa ya cika guga da fasassun duwatsu, wani mutuminsa Tanko yana ja. Tanko magidanci ne mai hankali da ladabi, ladabin ne ma ya jawo abin. Dagaci ya iso da mutanensa duba aiki, ya yi sallama. Tanko bai yi tunani ba, jikinsa ne ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro, ya tuɓe takalmi, ya zube, ya dunƙule hannu ya ɗaga. Ina dawowa da kwando na ga igiya na gudu. Gugan ya samu Malam a kafaɗa. Mun fito da shi da rai, amma hannun bai sake ɗaga diga ba. Kowa ya ce ƙaddara, ba wanda ya ga laifin Tanko, har shi Malam ɗin. Ni ma na yarda da ƙaddara, amma na ga hannun da ya saki igiyar, kuma na san da ban je jirgi ba ni ma haka zan yi.

Malam ya ba ni digarsa da daginsa ya sa mini albarka. Ranar da na fara aiki da sunana na tara mutanena na gaya musu dokar. Ɗaya ya ce, "Ko hakimi ne?" Na ce ko hakimi. Ya ce, "Ko ubana?" Na ce, "Ko ubanka. In an fito da na ƙasa ka je ka kwanta a gabansa ka ba shi haƙuri." Ba a yi nisa ba muka gamu da ita a wani gari kusa da 'Yankwashi. Mai gari ya zo ina ƙasa, mai riƙon igiyata bai motsa ba, mutanensa suka yi masa ca. Da na fito mai garin ya ce mini, "Mun ji an ce soja ba ya ganin kowa da gashi, ashe har na ƙasa da shi yake koya wa." Na durƙusa na yi bayani, ya ce in kwashe kayana. Labari ya bazu cewa Sule Soja ya zo da rashin kunyar bariki. Ayyuka suka ɗauke, mutanena suka watse. Wani dattijo mai ƙaunata ya ce in bari a riƙa ɗan rusunawa ko da hannu ɗaya ne. Na ce masa da hannu ɗaya ake farawa. Na koma noma gonar mahaifina, igiyoyina na rataye a zaure, amma ban janye ba.

Fari ne ya dawo da mutane ƙofata. Damina ta zo ta wuce ba abin kirki, ta bayanta ma haka. Gero ya bushe yana tsaye, rijiyoyi suka ja, shanu na gangarowa daga Nijar ƙashi da fata, wasu su faɗi a hanya. Wanda ya kore ni jiya ya aiko yau. A lokacin ne na samu Buba, Bafulatani magidanci daga rugagen arewa da Babura, wanda shanunsa suka ƙare ya zo neman abin da zai ciyar da iyali. Tun tasowarsa yake jan wasaki yana shayar da garke, saboda haka hannunsa ya san igiya. Ba shi da yawan magana, ga kunya. Ban taɓa samun mai riƙo irinsa ba, ko motsina ya canza a ƙasa sai ya ji a yatsunsa.

Sai aka aiko daga rugar Ardo Gide. Rijiyarsu ɗaya ce, tsohuwa, mai zurfi, ita ke shayar da rugage da yawa, kuma ta koma laka. In ba a samu ruwa ba sai dai su kora abin da ya rage su yi kudu, kuma kowa ya san yawancin shanun ba za su kai ba. Da na gaya wa Buba inda za mu, ya sunkuyar da kai. Ardo Gide ƙanin mahaifinsa ne, kuma 'yarsa yake aure. Ku 'yan yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. Tun da aka ɗaura auren Buba bai kalli fuskar Ardo ba, bai ci abinci inda yake ba, in ya hango shi a hanya daji yake shiga. An dai ce mana Ardo ya tsallaka iyaka neman makiyaya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Na ce, "Buba, in ya dawo ina ƙasa fa?"

Ya daɗe yana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa. Ya ce, "Maigida, Allah ya sa kada ya dawo sai mun gama."

Na ce, "Amin. In ya dawo fa?"

Ya tashi ya kama naɗe igiya. Na so in nemi wani, amma a shekarar nan duk wanda ya iya riƙo ba ya zaman banza, shanu kuma ba za su jira ba. Haka na ɗaura ƙullina na sauka ba tare da na ji amsarsa ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Muka kwashe lakar muka tarar da dutse shimfiɗe a ƙasa, na ƙwanƙwasa da dagi na ji amon ruwa a bayansa. Muka sa masa wuta, muka kwara ruwan da mata suka hana kansu suka ba mu, ya tsage. Muka bar wandon rijiya ya wuni ya kwana yana aiki. Washegari fitila ta sauka tana ci, na bi ta. Buba na kan igiyar ƙirjina, samarin ruga na kan ta guga. Aiki ya yi daɗi, ina ɓamɓaro dutse ina jin danshi na ƙaruwa a tafin ƙafata. Abin da ban sani ba, da rana ta take iska ta tsaya cak a sama, wandon ya yi laƙwas. Na ɗaga wani falalen dutse, na ga harshen fitila ya yi ƙasa. Sai na ji barcin nan mai daɗi. Na san shi, tun a jirgi aka gaya mini kamanninsa. Na miƙa hannu na kama igiya na girgiza, ko in ce na yi niyyar girgizawa, don ban san ko hannun ya yi abin da na sa shi ba. Daga nan ban sake sanin inda nake ba.

Sauran a bakin mutanen ruga na ji, kuma duk bakinsu ɗaya. A daidai lokacin Ardo ya iso shi da dattawa, ko gida bai shiga ba ya zarce rijiya. Samarin suka ajiye guga suka tafi tarye, suka zube can nesa. Mata suka ja baya. Aka bar Buba shi kaɗai a tsugune. Ardo ya tako har bayansa ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Wani dattijo ya ce, "Kai Buba, Baffanka ne fa!" An ce gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma idonsa na cikin rami. Sai igiyar ta motsa a yatsunsa, ɗan motsi kaɗan, wanda da hankalinsa ya rabu ba zai ji ba. Ya miƙe ya ja, ya ji nauyin mutumin da ba ya taimakon kansa. Shi kaɗai ba zai iya ba, samari sun yi nisa, mutum ɗaya ne a kusa. Buba ya juya ya kalli surukinsa tsakiyar ido, ya daka masa tsawa.

"Baffa, kama igiya! Ja!"

Ardo ya yar da sandarsa ya kama. Da aka ga Ardo na ja, kowa ya rugo.

Na farfaɗo a ƙarƙashin wata aduwa ana yi mini fifita, kaina na sara. Na tambayi Buba, aka ce tun da ya ga na yi numfashi ya shiga daji. Washegari ma ba a gan shi ba. Matarsa na kuka, dattawa sun rabu biyu, wasu na cewa ya kyauta, wasu na cewa ba a taɓa yin haka ba, mutum ya yi wa surukinsa tsawa a gaban mata. Na tashi da jiri na je wurin Ardo na durƙusa, na ce dokata ce, in akwai laifi nawa ne. Yana zaune a kan buzu ana shafa masa man shanu a tafin hannu, igiya ta saluɓe masa fata.

Can ya ce, "Soja, tun da na girma ba wanda ya ɗaga mini murya."

Na ce, "Allah ya huci zuciyar Ardo."

Ya ce, "Ka aika a nemo shi, ka ce ya dawo gida. Wanda bai saki igiyarka don ni ba, ba zai saki 'yata don wani ba."

Ranar da zan koma ramin, Buba ya dawo, yana kan igiya ya ja rawani ya rufe fuska, sai ga Ardo da buzunsa. Amma bai zo bakin rijiya ba, ya shimfiɗa a kan hanyar da ake shigowa, ya ba mu baya. Duk wanda ya taho, babba ko yaro, sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Tsaya nan. Gaisuwar mai igiya ni ake yi wa, ni nake amsawa." Haka ya zauna cikin rana har na fasa sauran dutsen, ruwa ya ɓulɓulo ya kama ni gwiwa, na yi kabbara a ƙasa suka amsa a sama. Shanu sun mutu a shekarar, amma garke bai ƙare ba, kuma ba su yi kudu ba.

Abin da na kasa gyarawa da bayani, Ardo ya gyara shi da buzu. Daga nan duk inda za mu yi aiki sai in roƙi dattijon wurin ya zauna a hanya ya karɓi gaisuwa. Ba wanda ya ƙi, har so suke yi, mai garin da ya kore ni ma sai da ya zauna mini. Buba kuwa mun yi aiki tare har ƙarfinmu ya ƙare, kuma har Ardo ya rasu bai sake kallon fuskarsa ba.

Ke Hafsatu, abokan da na baro a Ikko wasu sun gina benaye lokacin da jiragen siminti suka yi layi a teku. Ɗaya har mota ya tuƙo ya zo Roni ya nuna mini. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, na sa aka kawo masa ruwa, ya sha ya ce ya daɗe bai sha mai daɗinsa ba, na ce na sani, ni na haƙa. Ban yi nadamar dawowa ba, kuma da za a sake ba ni zaɓi rami zan sake zaɓa. Yanzu injin burtsatse ya karɓe yawancin aikin, ban ƙi ba, ya fi mu sauri. Amma har na ajiye diga ba a fito da kowa a kwance daga ramina ba sai ni kaina, ni ma kuma na tashi.

Kai kuma Nura, rijiyar bayan gidan nan tana son yasa kafin rani ya yi nisa. Na aika wa 'ya'yan Buba, su suka gaji aikin, za su zo. Zan sa ka tsuguna kusa da mai riƙo, ka ɗora yatsunka a kan igiyar ka ji yadda ran mutum yake motsi a cikinta, sannan ka dawo ka gaya mini ko rami ne kawai. Wayar nan taka kuma da ba ta barin hannunka, ka kawo mini ita. Zan shimfiɗa buzuna a hanya, in ta yi ƙara ni zan amsa.